Takalman Kurtu

"Mama, me ya sa takalman Baba suka dawo, shi bai dawo ba?"

'Yata ce ta tambaya, ta zura ƙafafunta cikin takalman har gwiwa. Na ce ta cire kafin ta faɗi.

Babanta kurtu ne. An gama ba su horo, saura gwajin ƙarshe: harbi, rarrafe a ƙarƙashin waya, sai doguwar tafiya da kaya a baya. Wanda ya ci, a ba shi ɗaki a bariki ya kawo iyalinsa. Wanda ya faɗi, ya maimaita horon da 'yan baya. Ni har na ɗaure tukwanena a buhu.

Ranar ziyara tare da yayansa muka je. Muna zama yayan ya zaro sabbin takalman soja daga kwali, sai ƙyalli suke.

"Ƙanena ba zai tsaya gaban manya da waɗannan tsummokaran ba."

Na ce, "Yaya, sabon takalmi cizo yake yi. Ko na yarinyar nan sai na shafa musu mai sun yi laushi."

"Kai, ashe da kwamanda muka zo!" Ya tuntsire da dariya, ya cusa tsofaffin a jakata. Maigidana ya dube ni, ya dubi yayansa, ya yi godiya. Tun yana yaro bai taɓa yi masa musu ba.

Washegarin gwajin maigidana ya kira ni. Harbi ya ci, har saje ya dafa kafaɗarsa. Rarrafe ma haka. A tafiyar ce dugadugansa suka saɓule, safa ta manne da jini. Ya iso yana ɗingishi, an riga an hura usur.

"Sai da 'yan baya kuma," in ji shi. "Don Allah kada ki gaya wa Yaya dalili."

Ban gaya masa ba. Yayan ma bai sake leƙo mu ba.

Na kwance buhun, na mayar da tukwane wurinsu. Ɗakin hayar nan dai, ni da yarinya, abincin mutum ɗaya ma raguwa yake yi. Takalman suna bayan ƙofa, ina shafa musu mai. Ziyara ta gaba da hannuna zan kai su, ni kaɗai.

Ke da naki yake shirin gwaji, ko wa ya kawo sabon takalmi, kada ki bari a raba shi da tsohon. A kira ki kwamanda, ba komai.