Bangon Fata ga Littafin Kumatu

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ya Ubangiji, Ka daidaita mana harshe.

An yi wani dattijo da ya shekara arba'in yana ɗinka littattafai, yana yi musu bango. Da ƙarfi ya ja baya, sai burinsa ya zama ɗaya: jikarsa Kumatu, 'yar shekara ɗaya da rabi, ta fara sanin haruffa a kan cinyarsa.

Uwar yarinyar, wato 'yarsa, ta sayo mata littafin haruffa mai shafuka masu kaurin kwali. Kowane harafi da hoton yaro daga wata nahiya: wannan cikin rigar gashi a kan ƙanƙara, waccan da fure a kunne, wani baƙi wuluk yana dariya. Kullum da hantsi Kumatu takan jawo littafin, ta hau cinyar kakanta, ta dangwala yatsa a kan yaron ƙanƙara, sannan ta kai gefen shafin baki ta gatsa.

Dattijon ya ce, "Ilimi ne wannan fa, ba abinci ba."

'Yarsa ta ce, "Baba, ai saboda cizon aka yi shi da kauri."

Ranar da aka kai yarinyar rigakafi, sai ya fiddo wuƙarsa da gam da zare. Ya datse gefunan da aka tauna, ya yi wa littafin bangon jar fata har da igiyar ɗaurewa, ya fito tamkar littafin fiƙihu.

Da Kumatu ta dawo, ya miƙa mata yana murmushi. Ta dube shi, ta wuce. Ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta leƙa bayan ƙofa, ta fashe da kuka. Kwana uku ba ta hau cinyarsa ba, tana can wajen kakarta tana buga murfin tukunya.

Tsohuwar ta ce, "Malam, ka naɗa wa littafin rawani, yarinya ta ɗauka baƙo ne. Ɗalibarka ɗaya tak a duniya, ita ma ka kore ta."

"Wannan bangon zai kai shekara ɗari."

"To, sai ka jira ta cika ɗarin."

A rana ta huɗu ya sake ɗaukar wuƙar. Bai taɓa warware aikin hannunsa ba sai ranar. Ya ɓare fatar a hankali, yaron ƙanƙara da abokansa suka bayyana a kan tsohon bangon. Kumatu ta saki murfin tukunya, ta taho da gudu, ta haye cinyarsa. Kafin ya furta harafin farko ta riga ta jiƙa sabon gefen sharkaf da yawu, sannan ta ɗaga shi zuwa bakin kakanta.

Tsohuwar ta ce, "Karɓi mana, Malam. Ba kowa take sam wa ba."

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗan taɓa da leɓe. Sai da Kumatu ta gamsu, ta bar shi ya fara karatu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka fara ɗora yatsunmu a kan haruffa, Ya haskaka makwancinsu. Mai karatu kuma, Allah Ya raya masa zuriya bisa ilimi mai amfani. Amin.