Murfin Kwalba Goma Sha Biyu

"Matso da shi, Labaran, hannuna ba ya kaiwa," in ji Baba Datong daga kan gado.

Labaran ya tura allon bisa cinyar tsohon. Shi ya haɗa shi a rumfarsa ta kafinta a Katako, ya zana taswirar Jos da kewaye a kai, don maƙwabcin nasa ya ce shi fa ba ya gane takarda. Kulob goma sha biyu ne a ƙaramar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru, kowanne da murfin kwalbarsa mai ɗauke da suna. Shekara ashirin Datong yana sakataren gasar. Bana aka ce a raba ta shiyya uku don rage wa 'yan wasa tafiya, ga taron kwamiti ranar Asabar, shi kuwa ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Charles, shugaban kwamiti, ya riga ya aiko nasa tsarin, huɗu-huɗu cif. Ya jefa Zaratan Katako shiyyar Arewa, Taurarin Gada Biyu kuma Tsakiya. Wato ba za su ƙara haɗuwa ba ke nan. Wannan wasa kuwa, bayan rikicin garin, shi ya fara sa mutanen unguwannin biyu suka sake zama a benci ɗaya. Abin ya tsaya wa Labaran a rai ƙwarai.

"Ni dokata ɗaya ce," Datong ya ce, yana numfashi sama-sama. "Ɗan wasa ya hau mota ɗaya ya sauka a fili. Katako zuwa Gada Biyu kuwa ko ƙafa ta isa." Ya sa yatsa ya ja murfin Katako har ya dunguri na Gada Biyu.

"Baba, Tsakiya ta zama biyar, Arewa uku. Oga Charles zai yi tsalle."

"Ya yi ta yi. 'Ya'yana ma maza biyu ne mata biyar, kuma mun rayu."

Matarsa Mama Roseline ta shigo da kwanon gwate, ta harare su. "Likita ya ce hutu, ku kuna nan kuna wasa da murfi."

"Ki bar shi, Mama, so yake mu ci gaba da lallasa 'yan Gada Biyun nan nasa," in ji Labaran.

"Ku? Yaushe rabon?" Datong ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar ya sha gwate cokali shida, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Alhamis da hantsi Mama Roseline ta leƙo ta katanga. "Malam Labaran, abokinka ya tafi. Ya sha shayinsa, ya ce zai ɗan kwanta."

Labaran ya yi kuka, bai ɓoye ba. Da ya shiga gidan sai ya tarar da allon kan tebur, masu gaisuwa sai gogarsa suke, murafen na zamewa. Ya koma gida ya ɗauko guduma da ƙananan ƙusoshi, ya fita da allon bayan ɗaki, ya kafe kowane murfi inda tsohon ya bar shi.

Ranar Asabar ya ɗauke shi a hammata har ɗakin taro, shi da ba ɗan kwamiti ba. Charles ya duba, ya ƙirga, ya sa yatsa zai mayar da Katako Arewa. Murfin ko gezau. Ya daɗe yana kallon kan ƙusar.

"Haka ya bar shi?"

"Haka ya bar shi."

Charles ya linke tasa takardar ya sa a aljihu. "To, a rubuta: biyar, uku, huɗu."

Allon yana rataye yanzu a rumfar Labaran, sama da zarto. Ƙurar katako ta rufe sauran murafen. Biyu ne kawai suke ƙyalli, waɗanda suke manne da juna, don kullum safe sai ya goge su da bakin rigarsa.