Kyanwar Baba Stavros

…kuma ga ta can. Ta dawo. Ta zauna daram a kan dangar kwano kamar gidan ubanta. Mitsi, kyanwar Baba Stavros maƙwabcina. Ni kuma ga ni tsaye a kicin, shayi ya huce, hannuna a wuyan karena Jarrah, ina jin jikinsa yana rawa tun daga kafaɗa har wutsiya.

Kwanta, Jarrah. Kwanta mana.

Ina! Kunnuwa sun miƙe. Karen tsere ne, tun yana kwikwiyo abin da aka koya masa ke nan: abu mai gashi ya gilma, bi shi, kada ka tsaya. Ya tsufa, an sallame shi, na ɗauko shi, yanzu in ce masa ya manta? Da wane baki? Matar da ta ba ni shi ta faɗa tun a bakin mota — "Narelle, a gida rago ne, sai barci. Amma kada ki yarda ya haɗu da kyanwa, ko sau ɗaya." In ya kama ta, ta mutu. In ta mutu, 'yan hukuma su zo da motarsu, su sa shi cikin karnuka masu haɗari, daga nan… allura? A'a. Ba zan ƙarasa wannan tunanin ba.

Me ban yi ba don in kore ta? Ɓawon lemo — na sha lemo har haƙorana suka mutu, na jera ɓawon a gindin danga, ta shinshina, ta taka, ta wuce. Garin kofi. Ragar waya a kan ƙasa, wai ba sa son taka ta — ni ce na yi tuntuɓe, ga tabon nan a ƙaurina. Barkono kam a'a. Leanne ƙanwata ta ce in barbaɗa, na ce idon dabba fa? "To je ki ari kejin hukuma ki kama 'yar banza, ke kin cika tausayin wahala." Keji… in kama ta in kai, tsohon ya fito da yamma yana buga cokali a gwangwani, Mitsi, Mitsi, shiru? Mutumin da ke miƙo mini tumatir da ɓaure ta saman dangar nan? Tun da matarsa ta rasu, da wa yake hira in ba Mitsi ba?

Ai na faɗa masa. Na faɗa kuwa? "Baba, Mitsi tana ɗan leƙo mu…" — "Son ki take yi, 'yata! Wannan dogon naki mai ƙafar kara, ko ƙuda bai iya kamawa ba." Ya yi dariya, na yi dariya. Wawiya. Dariyar me? Haka muke a layin nan, ba komai, ba komai, ciki na tafasa baki na cewa ba komai. Haushin kaina nake ji, ba nasa ba.

Sai na sayo na'urar fesa ruwan nan. Tana ganin motsi ta watsa, ba ciwo, ba rauni, tsoro kawai. Da tankin ruwan sama na haɗa ta, tunda an hana ba lambu ruwan famfo tun da fari ya tsananta. Ranar farko, wayyo daɗi — Mitsi ta yi sama, ta dira waje, na kira Leanne ina ihu. To yanzu fa? A da jefi-jefi take zuwa. Yanzu kullum. Kullum, kuma da tsakar rana, lokacin da kwanon danga ke ƙona hannu. Me ya sa? Gayya ce?

Ta sauko. Ta sauko! Ƙofar baya — na rufe? Ragar sauro ce kawai, zai keta ta kamar takarda. Riƙe shi. Riƙe da kyau. Faratansa na kankarar daɓe, yana wannan siririn kukan da ba na so…

Fssss. Ruwa ya tashi. Gudu mana! Gudu!

Ba ta gudu ba.

Ta ja gefe kaɗan. Jira take yi ya tsaya — ta san zai tsaya. Ga ta tana takowa. Ta sunkuya. Lasa take… ciyawa take lasa, sannan ɗan ruwan da ya taru a gindin na'urar. Ta shimfiɗa cikinta a kan danshi, ta lumshe ido.

Dubi layin nan, Narelle. Kowane lambu ja wur, ƙasa ta tsattsage, ciyawa kamar tsintsiya. Nan kaɗai ne kore. Nan kaɗai ke da sanyi, a bakin ƙofar karena. Kora nake yi ko kira?

Kuma dubi haƙarƙarinta. Yaushe ta rame haka? Kwanon ruwanta — Baba yana cika shi kuwa? Ran nan, cikin wannan zafin, ya fito da rigar sanyi yana tambayata ko na ga matarsa ta wuce…

Kashe bakin tankin, shi ke nan. Yana nan a waje, gefen ƙofa. Amma sai na saki wuyan nan tukuna. Kuma in na kashe, ta daina zuwa, Jarrah ya tsira. In na kashe… ta sha a ina?

Hannuna ya gaji. Yana ja, yana ja, ita kuma tana sha…