Tukunyar Waken Doña Eufrosina

Wata biyu cur Doña Eufrosina ta yi tana gina tulun nan. Tsawonsa ya kai mata ƙugu, ta zane shi da tsuntsaye da zangarniyar masara, ta goge shi da dutse har yana ɗaukar ido. Ranar bikin gasar masu sana'ar hannu na ƙauyensu, mijinta Nicanor ya turo shi a amalanke, tana biye tana yi masa faɗa a kan kowane rami.

Shugaban kwamitin bikin, Macedonio, ƙanin mijin nata ne. Amma sai ya ba ta tebur can bayan masu busa da kiɗa, dab da mai gasa masara.

"Macedonio, nan ka ga ya dace da ni? Ni da na shekara bakwai ina yi maka wanki kafin ka samu mai kwasarka?"

"Haba Yaya, ƙuri'a fa aka jefa."

"Ƙuri'ar ce ta kai surukarka bakin ƙofar coci?"

Ya yi kamar ana kiransa, ya sulale.

Har rana ta take, baƙin birni sai dai su toshe kunne su wuce. Hayaƙi ya sa idonta ya yi jawur. Da yunwa ta ishe ta, ta jawo tsohuwar tukunyarta ta wake daga ƙarƙashin tebur, baƙa ƙirin, kunne ɗaya a karye. Ta kai loma biyu ke nan sai ga alƙaliyar gasar da aka ɗauko daga birni, wata doguwa mai tabarau.

"Inna, wa ya gina wannan?"

"Ni, shekara ashirin da suka wuce. Abin gasar ga shi can."

Ko kallon tulun matar ba ta yi ba. Ta durƙusa tana shafa tukunyar.

"Dubi bakinta! Dubi yadda ta zauna daram!"

"Na duba, 'yar nan. Wake ne a ciki."

Kafin ta ankara an liƙa wa tukunya jan ƙyallen na ɗaya, ana ta tafi. Macedonio ya dawo yana washe baki, wai doka ce, abin da ya ci gasa sai ya kwana uku a zauren gari jama'a su gani. Da ƙyar ta ƙwace ta, ta juye waken a kwanon mai masara kafin a tafi da tukunyar.

"Barka, uwargida," in ji Nicanor.

"Ka ƙara cewa barka ka gani. Ɗauko amalanke."

Kwana ukun nan a tukunyar ƙarfen maƙwabciya ta yi girki, sau biyu wake yana kamawa. A rana ta huɗu Macedonio ya aiko da tukunyarta. Ta buɗe tsumman da aka naɗo ta ciki, ta yi tsaye. Matan kwamiti sun dirje ta da sabulu da yashi, ciki da waje, don ta yi kyan gani. Ta kai hanci: sai ƙamshin sabulu, na girkin shekara ashirin duk ya tafi.

Ta yafa gyalenta, ta tambayi Nicanor ko ƙanensa yana gida.