Zobe a Cikin Miya

Tun kafin su hau jirgin ruwan Marisela ta san abin da Curtis ya shirya. Ƙanwarsa ba ta iya riƙe magana, ta riga ta tsegunta mata cewa yau zai durƙusa ya nemi aurenta. Abin da ba ta sani ba shi ne amsar da za ta ba shi. Curtis mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya zagi, amma in ya ƙulla abu a ransa sai kunnuwansa su toshe.

A San Francisco aka haife ta, amma ba ta taɓa shiga jirgin masu yawon buɗe ido ba, don ko a mota jiri take ji. Ta gaya masa haka. Ya ce, "Haba 'yar lelena, wannan ruwan ai kwance yake kamar tabarma."

Tun a bakin ruwa zuciyarta ta fara tashi. Dabbobin ruwan da ake kira zakunan teku na kwance jibga-jibga a kan katako, warinsu kamar ruɓaɓɓen kifi, mutane kuwa sai ɗaukar su hoto suke yi suna dariya. A cikin jirgin kuwa, daɓen na danƙo da lemon da aka zubar. Wani yaro na lasar ƙarfen jingina na gefen jirgin, daidai inda tsuntsaye suka yi kashi, uwarsa na kallon waya.

Jirgi na tashi Curtis ya ɓace, ya dawo da miyar kifin nan fara mai kauri, wadda ake zubawa cikin burodin da aka rarake.

"Sha da zafinta."

"Curtis, cikina juyawa yake yi."

"Yunwa ce. Ki kai cokalin har ƙasa, can daɗin yake."

Ta ga yadda ya tsura wa burodin ido, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi, sai ta ji tausayinsa. Ta toshe numfashi ta fara haɗiya ba tauna, don ta gama da wuri.

Suna kusantar babbar jar gadar garin, igiyar ruwa ta ƙaru. Jirgi ya ɗaga, ya faɗa. A daidai nan wani abu mai tauri ya tokare mata maƙogwaro. Ba ta ko kai ga ƙarfen jingina ba, amai ya ƙwace mata, ya wanke takalmanta, ya fantsama har jakar wata tsohuwa da ke kusa.

Mutane suka dare suna toshe hanci. Tsohuwar ce ta dafa mata baya tana cewa, "Sannu 'yata, fitar da shi duka."

Curtis kuwa hannu ya cusa cikin burodin yana lalube. Da bai sami komai ba sai ya dubi ƙasa. Wani ma'aikacin jirgi ya taho da bokiti, Curtis ya daka masa tsawa.

"Kai malam, dakata! Kada ka zuba ruwan nan! Kada kowa ya taka!"

Ya tsuguna ya fara tona aman da cokalin roba. Cokalin ya karye, ya sa yatsa. Marisela na kallo ya zaro zobe, ya goge a cinyar wandonsa, ya hura masa iska.

Mai bayani da lasifika tana can sama, ba ta san abin da ake ciki ba. An dai ce mata da an shiga ƙarƙashin gada ta yi sanarwa. Muryarta ta cika jirgin: "Jama'a, yau muna da masoya! Curtis yana da tambaya ga Marisela!" Aka saki kiɗa. Na sama suka sauko a guje da wayoyi suna tafi, suka ci birki da warin ya buge su.

Curtis ya dubi jama'a, ya dubi gwiwarsa da ta riga ta nutse cikin aman, ya yi murmushi.

"To, tunda ga ni a durƙushe. Marisela, zoben kakata ne. Za ki aure ni?"

Ta dubi zoben. Ɗan guntun dankali na maƙale a gefen dutsen da ke kansa. Bakinta ɗaci, maƙogwaronta na zafi inda ya karce ta, shi kuma yana miƙo hannu zai kama yatsanta da yatsun da ya gama tonon.

Ta ɓoye hannuwanta a baya.

"A'a."

"Don amai? Ai naki ne!"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, matarsa ta make shi.

"Tashi, Curtis, wandonka na jiƙewa," in ji Marisela. "A'a na ce."

Ta ratsa mutane ta koma can bayan jirgi inda iska ke kaɗawa. Tsohuwar ta biyo ta da gorar ruwa, ta zauna kusa da ita tana goge jakarta.

"Kurkure bakinki, 'yata. Ki daure, sai mun zagaya tsibirin can mai tsohon kurkuku kafin a sauke mu."