Rigar Ulun da Ta Ƙi Warwaruwa

Su suka ɗinke mata baki, su ɗin nan, ba wasu ba, sannan yau suka dawo suna raɗa a tsakar gida wai Batulu ba ta da tausayi. Wai jika ya mutu, ko ɗigon hawaye. Ka ji fa! Wa ya koya mata haɗiye hawayen?

Ga ta nan a ƙofar ɗakinta, 'yar rigar jariri a cinya, tana neman bakin zare da farce. Babu. Ta juya hannun rigar... babu. Shekara goma sha ɗaya tana saƙa, ba a taɓa yin rigar da ta gagare ta warwara ba. Suwaitar gwanjo nawa ta warware, ta wanke zaren, ta turara shi a bakin tukunya har ya miƙe? Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Matar wani malami ta gani a unguwar Kongo tana yi, ta kafa mata ido, ta dawo gida ta sa aka wasa mata wayar ƙafar keke guda biyu. Shi ke nan. Amma wannan...

Wannan an dafa ta.

Hajo ce. Yayar maigida, mai bakin reza. Shekaranjiya, ana dawowa daga kai yaron makwancinsa, ta ɗaga rigar sama da yatsa biyu kamar ta tsinci mushe.

"Wa ya taɓa yi wa ɗa riga tun yana ciki? Kin riga Allah, Batulu. To ga shi nan kin gani."

Ta cilla ta cikin tukunyar ruwan jego, ruwa na tafasa. Ulu kuwa ba ya shiri da tafasasshen ruwa, wannan ko mai koyo ya sani. Ya tsuke, ya cure, ramukan saƙa suka haɗe kamar fata. Riga ta koma tafin hannu. Ko 'yar tsana ba za ta shiga ba.

Ta riga Allah? Da wayar keke?

Tari daga ɗakin can. Ita ce. Yarinyar nan.

Yarinyar nan, waccan, 'yar gidan Hajo... shekara ashirin da uku, sunayen ke nan. 'Yar farin Batulu ce, ba a faɗin sunan 'yar fari. Sunan uwar miji kuma aka sa mata, ƙulli kan ƙulli. Ranar da aka yaye ta Hajo ta saɓa ta a kafaɗa sai gidanta a unguwar Kusfa, yarinya na miƙo hannu tana tsala ihu, Batulu na tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Aka ce kai, wannan akwai kunya, 'yar mutunci ce. Yabo! Da yabo suka yi ɗinkin. Garin da ta tankaɗe ran nan sai da ya jiƙe, ta ce yayyafi ne.

Hajo ce Umma. Batulu kuwa Yaya. "Ina kwana, Yaya." "Lafiya." Iyakarta.

To da aka kawo ta goyon ciki, wata biyu ɗaki na kallon ɗaki, ƙafafu sun kumbura, me uwa za ta ce? Sannu? A bakin wa? Sai ta ɗauko shuɗin ulu, sabo fil, ba na gwanjo ba. Duk sannun da ta maƙale a wuya ta zuba ta a layi. Layi ɗaya, kin ci abinci? Layi biyu, bayan ne ke ciwo? Kullum yarinyar na wucewa za ta kewaya, ta saci kallon rigar, ta sunkuyar da kai. Rannan har ta tsaya. Ta taɓa hannun rigar da ɗan yatsa, ta yi murmushi, ta wuce.

Ta ji. Wallahi ta ji.

Kwana huɗu jaririn ya yi. Ko suna bai samu ba. Ga ragon can a turke yana tuƙa dusa, ba ruwansa...

Zafin jiki ne, in ji unguwarzoma. Riga ce, in ji Hajo. Yarinyar fa, wanne ta ɗauka? Nan ne ƙashin bayan Batulu ke karyewa. Tun shekaranjiya ba ta ko dubi ƙofar nan ba. Ana fyaɗa mata ruwan zafi da ganye safe da yamma, nono na zuba, ba mai sha. Hajo na kanta, tana zuba mata magana a kunne kamar kunun kanwa.

Ana sallar la'asar mota za ta zo. A Kusfa yarinyar za ta ƙarasa wankan jego, wai gidan nan bai karɓe ta ba. Daga can Isma'ila, mijinta, ya wuce da ita Ikko. Waccan tafiyar shekara huɗu ta yi. In ta tafi da zancen Hajo a ciki, ta yi ta juya shi shekara huɗu: uwata ce ta saƙa wa ɗana...

A'a. A'a!

Inuwa ta kai bakin rijiya. Farce ya karye, bakin zare bai fito ba. Ba zai fito ba, Batulu, bari. Abin da aka dafa ya dafu.

Ta miƙe. Taku nawa ne? Tara. Matan zaman makoki sun zuba mata ido, carbi ya tsaya a hannu. Ina za ta? Ɗakin 'yar fari? Idon Hajo kamar garwashi. Su kalla. Su kai labari har Ƙofar Doka, ta yar da kunya a tsakar gida, sai me? Kunyar ta goya mata wa?

Labule a hannunta. Ƙamshin ganyen wanka, da ƙarnin nono. Yarinyar ta ba ƙofa baya.

Sa... Safi...

Iska ce kawai ta fito. Harshe ya cure a baki, ba gaba ba baya. Ta sake buɗe baki. Can masallacin unguwa ladan na gyaran murya, a waje kuma kamar ƙarar mota... ko ba ita ba ce?

Rigar na dunƙule a hannunta. Yarinyar ta fara juyowa.

Su suka ɗinke shi, na faɗa na ƙara. Kai da ka taɓa yaba wa uwa don ta kau da kai daga ɗanta, har da zarenka a ɗinkin. In ƙarya nake, buɗe baki ka ce ƙarya ne.