Allon da Ya Cika da Kore

Ya sake danna maɓallin, allon ya sake cika da kore. Ɗigo kore na nufin "lafiya lau", kuma babu wani launi a jadawalin.

Shi mai gyaran kwamfuta ne, bai taɓa haɗa manhaja ba sai wannan. Tun da 'yarsa ta shiga babbar sakandare ta yi shiru, ta daina raira waƙa in tana wanke-wanke, ta daina faɗa da kowa. Tambayarta kai tsaye ta gagare shi. Shi ya sa ya zauna bayan rufe shago yana koyon haɗa ɗan shiri mai tambaya uku: barci, abinci, da yadda mutum yake ji. Ya saka mata a waya, ya ce gwaji yake yi don yaran makarantarsu.

'Yar tasa ta shigo falo da kwandon guga, ta leƙa ta bayan kafaɗarsa.

"Uwata, abin nan ya lalace," ya ce. "Kore kawai yake ba ni."

"Bai lalace ba, Baba. Ni nake dannawa."

"Kullum lafiya lau?"

"To, ka ce 'Yaya kike yau?' Me zan ce? Kai ma ranar da aka cire maka haƙori, kumatu kamar ƙwallo, maƙwabci ya gaishe ka ka ce lafiya lau."

Ya yi dariya har tabaransa ya zamo. "Ashe na'urar gaisuwa na haɗa."

"Mai ladabi kuwa."

Ya jawo mata kujera. "Zo ki gyara wa tsoho. In ke ce, me za ki tambayi yara?"

Ta ajiye kwandon, ta zauna tana murza bakin mayafinta. Ta ce a cire tambayar barci, kowa ƙarya yake yi saboda waya. Ya cire. Sai ta ƙara da cewa:

"Ka tambaye su da wa suka zauna lokacin hutun tara."

Ya rubuta da yatsu biyu, tana nuna masa inda ya manta alama. "Amsoshi fa?"

"Da ƙawaye. Da 'yan aji." Ta tsaya. "Ni kaɗai."

Ya adana, ya tura sabon shirin zuwa wayarta. "Gwada mana mu gani ko yana aiki."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta taɓa. A ƙarshen jerin koren nan wani ɗigo ya fito, ruwan toka.

"Yana aiki," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Tun yaushe, Uwata?"

"Tun da aka raba mu aji da ƙawata. Ta yi sababbi."

Ya rufe kwamfutar a hankali. Ya janyo kwandon tsakaninsu, ya ɗauko riga ɗaya ya fara ninkewa a karkace.

"Ba haka ake yi ba, Baba," ta ce, ta karɓe. Tana ninkewa ta fara ba shi labarin tun daga farko.